Garken alade da rijiyar unguwa

Aikin duba-gari a kudancin Gombe, wajen Billiri da Kaltungo, ya koya mini cewa maganar kiwon alade maganar ruwan sha ce. Ni Musulmi ne, ba na cin naman, amma rijiyar da kashin garke ya gangara cikinta da damina, kowa na unguwa ke ja daga gare ta.

Tun 2007 aka kafa hukumar NESREA don tabbatar da bin dokokin muhalli, amma a ƙauye mu ne da mai unguwa muke tsayawa gaban mai kiwo. Sau da yawa mace ce, da 'yan aladunta a bayan gida, na kuɗin makaranta da na Kirsimeti. Ka miƙa mata takardar gargaɗi ka ce ta yi garken siminti, za ta karɓa hannu biyu ta soke a jikin danga. Amma in ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce, "Mama, ruwan wankin garken nan ina yake bi?" da kanta za ta riƙe ka ta nuna maka. Daga nan sai a yi maganar abin da za ta iya: rami mai murfi don tara kashin ya zama taki, da matsar da garken kamar mita 30 daga rijiya, ta ɓangaren gangare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsutsar ciki. Aladen da aka saka yana yawo yakan ci bayan gidan mutane, tsutsar ta yi 'yan ƙulli farare a cikin namansa. Wanda ya ci naman bai dahu ba sai ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta su riƙa fita a bayan gidansa. In suka shiga ruwa ko abinci, suna iya kaiwa ƙwaƙwalwa su jawo farfaɗiya, har ga yaron da bai taɓa ɗanɗana naman ba. Shi ya sa yanzu ba na duba garke ban duba masai ba, a gidan mai kiwo da na maƙwabta duka.

Sai zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya ɓarke a Najeriya a 1997. Ba ya kama mutum, amma ba shi da magani, kuma yakan share garke kaf. In ya ɓulla ne masu kiwo ke neman mu da kansu, mu kuma muna roƙon kada a jefa mushe a rafi, a haƙa rami mai zurfi a binne, a kira likitan dabbobi ya ɗauki samfuri zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, a jihar Filato.