Buhun abincin kajina da dajin Serado

Kaji ɗari da ashirin gare ni a bayan gidanmu nan Maradi, masu ƙwai. Duk wata nakan sayo garin waken suya da aka tatse mansa, wanda ke shigo mana daga Najeriya ta Ɗan Isa, in haɗa da masara da dusa. In babu shi, ƙwai ya ragu cikin mako guda. Gwaggona kuwa awara take soyawa a bakin titi, tiya biyu ta wake ta ishe ta wuni.

Na daɗe ina zaton yawancin waken suya irin na Gwaggo ne, cikin mutane yake shiga. Ashe kusan kashi uku cikin huɗu na wanda duniya ke nomawa dabbobi ke cinyewa, kaji da aladu a kan gaba. Abin da mutum ke ci kai tsaye, awara da madara da sauransu, bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Birazil ce ta fi kowa nomansa, ta haura tan miliyan 150 a 2023, Sin kaɗai kuma tana sayen kusan tan miliyan 100 a shekara.

Abin da ya tsaya mini a rai Serado ne, wani daji a Birazil. Kowa dajin Amazon yake ambata, kuma a 2006 manyan 'yan kasuwa suka yi alkawarin daina sayen waken da aka noma a sabon sassaben Amazon. Alkawarin bai shafi Serado ba. Shi daji ne mai ciyawa da gajerun itatuwa, mai rani da damina kamar namu, sai dai ya fi mu ruwan sama nesa ba kusa ba. Saiwoyin itatuwansa suna nutsewa ƙasa sosai, daga nan ne manyan koguna irin Sao Faransisko ke tasowa. A yawancin yankin, doka ta yarje wa mai gona ya share har kashi 80 cikin 100 na filinsa. Yau kusan rabin dajin ya tafi, wani ya zama makiyayar shanu, wani gonar wake iya ganinka, ko inuwa ɗaya babu.

Na nuna wa Baba hoton irin wannan gonar a waya, yana zaune yana ɓarar gyaɗa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "'Yar nan, ai mu ma mun yi haka." Zamanin da gyaɗa ke tashe, malaman gona cewa suke gona mai kyau ita ce wadda aka tumɓuke kowane kututture. Aka share, sai ga farin 1973 da na 1984. Ya ce iska takan binne shuka da rairayi, mutum ya sake shuka har sau uku. Sai da aka koma barin tohon kututture yana girma, aikin da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostareliya, ya fara da manoman yankin nan a 1983, sannan gawo da kalgo suka dawo. Ana ƙiyasta hekta miliyan 5 a Nijar sun farfaɗo ta haka. Gawon da ke gonarmu yanzu, 'ya'yansa jajayen awakinmu ke ci duk rani.

Shi ya sa hoton nan yake ci mini rai. Mun san ƙarshen wannan hanya, a jikinmu muka ji.

Ban daina sayen waken ba, kajin ne ke biyan kuɗin makarantar yara. Amma na rage. Kashi ɗaya cikin uku na maye shi da tunkuza daga matan unguwa masu tatsar man gyaɗa. Tana da sharaɗi: in ta ji danshi ta yi fumfuna, guba ce ga kaza, don haka sai na farfasa na sansana kafin in biya. Dusar awarar da Gwaggo ke bayarwa a arha ni nake kwashewa yanzu, in shanya a kan rufin kwano kwana biyu. Ƙwai ya ɗan ragu a watan farko, ya dawo daidai da na ƙara garin kifi kaɗan. Da safen nan na kwashi tire uku da ƙwai shida.