Jar ƙasar da ta shiga shagon Hajiya

Tun da jirgin ƙasa na Red Line da ke Legas ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, filayen da ke kusa da tashoshinsa suka ƙara daraja. Mutum ya gwammace ya bar motarsa a Agege ya hau jirgi zuwa Yaba, da ya ƙare safiyarsa a cunkoson Oshodi. Wannan lissafin ne ya sa maigidana ya ce mu mayar da wani tsohon filinsa da ke kusa da tasha wurin ajiye motoci, ya kuma damƙa mini aikin. Na daɗe ina harkar gini, sai na ɗauka abin ba wuya: a share, a cike, a danne, a shimfiɗa intalok, wato bulon daɓe. Ba bene, ba rufi.

A watan Maris muka fara ciko. Tifa-tifa na jar ƙasa muka zuba har filin ya ɗara titi da kusan tsayin gwiwa, muka bi shi da injin dannewa ya zama kamar daɓe. Magudanar ruwa kuwa na bar ta sai ƙarshe, don kada tayoyin tifa su farfasa ta. A nan na yi kuskure, kuma ba wanda zan ɗora wa sai kaina. Wanda ya san Legas ya san damina tana kankama tun Afrilu. Shekara da shekaru wannan kangon ne ke shanye ruwan layin, ni kuma na toshe masa baki ban buɗe wa ruwan wata hanya ba.

Da daddare aka yi ruwan. Bayan sallar asuba aka kira ni. Ruwan ya gangaro daga filinmu ɗauke da laka da yashin da muka jibge a bakin hanya, ya cike kwatar layin, ya juya ya faɗa shagon wata Hajiya mai tuwo da ke jikin shingenmu. Na same ta tsaye, ta naɗe zani, tana kwashe ruwa da kwano. Buhun shinkafa biyu da na garin masara sun jiƙe sharkaf, ga jan layi a jikin bango daidai inda ruwan ya tsaya. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, da ka tambaye ni, da na nuna maka inda ruwa yake bi." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, laifina ne." Har yau in na tuna maganarta sai jikina ya yi sanyi, domin shekarunta a layin sun fi nawa a sana'ar.

Mun biya ta kayanta. Na tsayar da komai na kwana huɗu, leburori suka yashe kwatar tun daga farko har inda ta haɗu da babbar magudana. Muka haƙa lambatu kewaye da filin, da rami a kusurwa inda laka za ta kwanta kafin ruwa ya fita, muka mayar da yashi da tsakuwa ciki muka rufe da tamfol. A bakin ƙofa muka sa kwalbati mai kaurin da zai ɗauki tifa, abin da tun farko zai raba ni da wancan tsoron.

Daga nan na je wurin liman da dattawan layin na zauna na saurara. Ashe ƙorafi ya taru ban sani ba. Tifofinmu suna shigowa da sassafe, daidai lokacin da masu sauri zuwa jirgi da 'yan makaranta da masu keke Marwa mai ƙafa uku suke cika hanyar, sai muka mayar da su tsakanin ƙarfe goma sha ɗaya da uku, da mutum riƙe da jan ƙyalle yana yi wa direba jagora in zai ja da baya. Mai shayin kwanar ya nuna mini ƙurar da ke sauka a kan burodinsa, muka riƙa yayyafa ruwa safe da yamma duk ranar da ba a yi ruwan sama ba. Injin kwaɓa kankare da janareta kuma ana kashe su lokacin sallar Juma'a, ba a kuma kunna su bayan magariba. Na rubuta lambar wayata a jikin kwanon shinge da jan fenti.

A Yuni, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, aka kwana ana zabga shi. Ban iya barci ba. Gari na wayewa na nufi layin da takalmin roba, na tarar da ruwa yana gudu a cikin lambatu, Hajiya kuma ta riga ta ɗora tukunya.