Yashi ne ya huda mini jirgi, ba dutse ba

Gwanjo na sayi kayak ɗin, wato ƙaramin jirgin ruwa da ake tuƙawa da filafili, daga hannun wani da zai bar ƙasar yana kwashe kayan gidansa a Ikoyi. Na roba ne, irin wanda ake zama a samansa, cikinsa kuma holoƙo. Nauyinsa ya kusa kilo 30. Ranar da na kawo shi Obalende a kan mota, maƙwabta sun yi dariya har da riƙe ciki, wai Bakano ya zo Legas zai ƙwace wa Sarkawa sana'a.

Wata shida ina shiga ruwan Five Cowrie, mashigin da ya raba Ikoyi da Victoria Island, kusan kowace Lahadi, kuma duk tsorona yana kan duwatsu da karyayyen siminti. In ruwa ya janye, wanda yake yi sau biyu a rana, sai ka ga wasu ƙananan katantanwa manne a jikin simintin, kaifinsu kamar reza. Su nake kauce wa. Yashi kuwa na ɗauke shi katifa. Da na iso gaɓa sai in ƙara wuta da filafili har jirgin ya hau tudu da ni a ciki, in sauko ƙafata a bushe, in kama hancinsa in ja shi kiii har inda na ajiye mota.

Asirina ya tonu ne a Tarkwa Bay, wani bakin teku a Legas, inda na ɗora shi a jirgin haya na kai. Wurin yana da kwanciyar ruwa saboda dogayen duwatsun da Turawa suka jibge a mashigar tashar jirage tsakanin 1908 da 1912. Ban yi awa ɗaya ba na ji kayak ɗin ya yi nauyi, yana karkata kamar jakin da aka yi wa laftu gefe guda. Da ƙyar na dawo. Na kwance murfin magudanar da ke bayansa, ruwa ya yi ta bulbulowa.

Wani dattijo ɗan Yawuri da ke tuƙa jirgin katako a wajen ya zo ya taya ni kifa shi. Bai ko kalli dogayen zanen da dutse ya yi ba. Can ƙarshen gindin ya kai yatsa, inda ƙashin bayan jirgin ya ƙare, ya danna, robar ta lotsa kamar ledar ruwa. A tsakiya ga wani rami da bai fi ƙwayar gero ba.

"Yaro, ja kake yi?"

"Eh, Baba, amma a kan yashi kawai."

"To da me ake wanke bayan tukunya a garinku?"

Shiru na yi. In ka ɗaga hancin jirgi kana ja, duk nauyin yana komawa kan wuri ɗaya da bai fi tafin hannu ba, yashi kuma yana kankare shi kaɗan-kaɗan. Zanen dutse muni ne kawai a ido, galibi bai kai ciki ba.

Gyaran ma sai da ya ba ni wuya. Gam iri uku na gwada, duk suka ɓare kamar ɓawon albasa, domin wannan roba, foliyetilin, ba ta karɓar gam. Narka ta ake yi a haɗe da irinta. Na kai wa wani mai liƙin bambar mota a wajen kasuwar kayan mota ta Ladipo, shi ya ce mini robar bamba daban ce, ba za su kama juna ba. Muka yanka tsohuwar jarka, irin mai lamba 2 a cikin alamar kusurwa uku a gindinta, ya narka ta da ƙarfe mai zafi ya toshe ramin, ya ƙara wani falle a kai domin shi ya riƙa cinyewa maimakon jirgin.

Yanzu ba na shiga sai ruwa ya kai mini gwiwa, jirgin yana yawo da kansa, sannan in raba ƙafa in zauna. Wajen fitowa ma tun kafin gindin ya taɓa ƙasa nake sauka. Dole ta sa na sayi takalmin roba mai rufe yatsu, don silifas ba ya tare kwalba. Inda ake da igiyar ruwa, ko wani babban jirgi mai zuwa Apapa ya wuce ya tayar da ita, ina tsayawa baya in bar manyan su wuce, in bi bayan ƙarama. Kuma ba na tsayawa tsakanin jirgin da gaɓa. Sau ɗaya na yi, ruwa ya turo shi ya make mini ƙauri, na yi mako ina ɗingishi zuwa masallaci.

Ɗauka kuwa, in da mutum kusa ina roƙonsa ya kama mini gefe ɗaya, ba kunya. In babu, akwai ɗan keken da mai walda ya haɗa mini da tayoyin baro biyu. A gida na daina barinsa a rana, tunda zafi yana sa gindin ya lotsa, rana kuma tana sa roba ta bushe ta yi saurin tsagewa. A ƙarƙashin rumfa yake, kwance ta gefe a kan tsofaffin tayoyi.

Don gangaren siminti na yanko wani tsohon kafet da na tsinta a bayan ƙofa, ina shimfiɗawa kafin in sauke jirgin. Sai da na raba shi biyu maiɗakina ta shaida mini cewa a cikin kayan ɗakinta aka kawo shi daga Kano. Har yau muna kan maganar kuɗin sabo.