Talata: ganin likitan ƙashi kan kwatangwalon Baba

Yau muka kai Baba wurin likitan ƙashi da hoton da aka ɗauka masa. Da aka ɗora hoton a jikin fitila, ko ni da ban san kan aikin ba na ga bambanci. A hagu akwai ɗan sarari tsakanin kan ƙashin cinya da gurbinsa, a dama kuwa ƙashi ne a kan ƙashi, guringuntsin ya cinye sarai. Shi ya sa Baba ba ya iya sunkuyawa ya sa takalmi, shi ya sa kuma ciwon ke sauka masa har gwiwa.

Likita ya ce sai an sauya gaɓar. Baba ya yi jim, can ya ce, "Likita, na ji an ce yanzu akwai aikin da ba a yanka mutum sosai. Shi nake so." Likitan ya jawo kujera, ya ɗauko ƙashin roba daga kan tebur, ya ce, "Baba, bari in nuna maka."

Ainihin aikin iri ɗaya ne ko ta ina aka bi. Za a yanke kan ƙashin da ya lalace, a zura ƙarfe a cikin ƙashin cinya, a ɗora masa ƙwallon ƙarfe ko na tangaran, sannan a kankare gurbin a kafa masa kofi mai shimfiɗar roba mai tauri. Tun 1962 wani likita mai suna John Charnley ya kafa wannan tsari a asibitin Wrightington da ke Ingila. Abin da ya canza shi ne ƙofar shiga. A da yankan yakan kai santimita 25 zuwa 30, yanzu ana iya yi da 8 zuwa 15.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da likitan Baba ya ce kada tsawon tabo ya ruɗe mu, mu tambayi abin da ake yi wa tsokar da ke ƙarƙashi. In an shiga ta baya, ta wajen mazaunai, sai an yanke wasu ƙananan tsokoki a ɗinke su bayan an gama, shi ya sa ake yawan hana mutum harɗe ƙafa ko zama a gajeriyar kujera na wasu makonni, don kada gaɓar ta goce. In an shiga ta gaban cinya kuwa, akwai tsagi tsakanin tsokoki, sai a janye su gefe kamar labule, ba a yanka su ba. Mara lafiya yana rigingine, don haka ana iya ɗaukar hoto ana cikin aikin a daidaita tsawon ƙafafu. Hanyar ba sabuwa ba ce, wani likita mai suna Robert Judet ya bi ta a Faransa tun 1947, daga baya wani likitan, Joel Matta, ya yaɗa ta a Amurka da wani gadon tiyata na musamman.

Na ji daɗi da bai ɓoye mana illarta ba. Akwai wata jijiya da ke ratsawa ta wajen, in ta taɓu sai gefen cinya ya riƙa jin kamar ya mutu, wani na ɗan lokaci, wani ya daɗe. Ƙaramar ƙofa kuma tana rage wa likita gani, wanda hannunsa bai faɗa ba zai iya tsaga ƙashin cinya ko ya kafa kofin a karkace. Mai ƙiba sosai, da wanda ƙashinsa ya murɗe, da wanda aka taɓa yi wa aiki a wurin, sau da yawa babban yankan ya fi musu alheri. Ribar ƙaramin yanka ta makonnin farko ce: sauƙin ciwo da saurin tashi. Bayan shekara guda, da wuya ka bambance wanda aka bi ta gaba da wanda aka bi ta baya. Haɗarin daskarewar jini da shigar ƙwayoyin cuta kuwa yana nan a kowace hanya.

Sai na ce, "Likita, kai wacce ka fi yi?" Ya ce ta baya da ƙaramin yanka, ita ce hannunsa ya saba da ita, in kuma mun nace da ta gaba zai tura mu ga wanda ya ƙware a kai. Wannan amsa ta kwantar mini da hankali fiye da duk bayanin. Na fi son a yi wa mahaifina aikin da likita ke yi kowane mako, ko da tabon zai ɗan fi tsawo.

Baba ya ce a ba shi kwana biyu ya yi shawara. Kafin mu fito an rubuta mana gwajin jini da na zuciya, mai gashin ƙashi kuma ta nuna masa yadda zai riƙa matse tsokar cinya yana kwance, da yadda ake riƙe sandar dogarawa, domin ta ce ranar aikin ko washegari za a tashe shi ya taka.