Robar da na raina

Ranar wata Asabar, a filin ƙwallonmu na Anguwar Rogo da ke Jos, na yi tsalle zan tare ƙwallo, na faɗo a kan hannun dama yana miƙe. Nan take kafaɗa ta goce. Wani abokina har ya naɗe hannun riga zai finciko min ita, Allah ya sa Yaya ya hana. A asibiti sai da suka ɗauki hoto suka tabbatar babu karaya, sannan suka mayar da ƙashin gurbinsa, suka rataye min hannun a wuya mako 2.

Inna ta so a kai ni wurin mai ɗori. Aka dai tura ni sashen gashin ƙashi, na tafi da zaton zan kwanta ne na'ura ta yi ta gasa ni. Ashe ni zan yi aikin.

Likitan ya ɗora lemo a kan murfin kwalba, ya ce, "Malam gola, ga kafaɗarka. Gurbinta ba shi da zurfi irin na ƙugu. Tsokoki 4 da jijiyoyi ne suke riƙe da ita, kuma a shekarunka in ta goce sau ɗaya, ba ta da wuyar sake gocewa." Lokacin ina da shekara 22.

Da farko sai in sunkuya in saki hannun yana lilo. Daga baya yatsu su riƙa hawa bango kamar gizo-gizo. Sannan aka zo kan roba: a ɗaure ta a hannun ƙofa, in manne gwiwar hannu a haƙarƙari, in ja waje sau 15, in huta, in sake. Wallahi abin kamar wasan yara, ƙanwata ma dariya take min. Abu ɗaya ya ja min kunne a kai, kada in ɗaga hannun gefe in juya shi baya kamar mai shirin jifa.

Mako na 6 ciwo ya ɗauke ɗif. Na jefa roba ƙarƙashin gado, na koma lodin buhunan kabeji a kasuwar Farar Gada.

Ba a yi wata 3 ba ta sake gocewa, kuma abin haushin, ba a fili ba. Ina gaban Keke Napep ne na miƙa hannu baya zan ɗauko leda. Da na koma, likitan bai yi min faɗa ba. Cewa kawai ya yi ɗaukewar ciwo daban, dawowar ƙarfin tsoka daban, kuma in aka yi ta uku, maganar tiyata za mu fara.

Yau wata 8 ke nan robar tana rataye a ƙofar ɗakina. Da sanyin Jos kafaɗar kan sandare da asuba, don haka sai na ɗora mata tsumman ruwan ɗumi kafin in fara ja. Na koma fili, amma baya nake buga wa yaran. Raga kuwa na bar wa ƙanin abokin nan da ya so finciko min hannu.