Kayan kogi a shagona na Wadata

Shagona ƙarami ne, yana unguwar Wadata a Yamai, kusa da cibiyar masu sana'ar hannu. Duk abin da ke cikinsa daga kogin Kwara ya fito: randuna da tuluna da kaskon turare na Bubon, sai faifai da tabarmi da adudu na kaba waɗanda matan gungu ke saƙawa can sama, a tsibiran da ke tsakanin Tillaberi da Ayoru. Ni mutumin Tawa ne, mun saba da rijiya da tabki, kuma ɗan Zabarmancin da nake ciniki da shi a bakin ruwa na koye shi.

Bubon na da nisan kamar kilomita 25 daga Yamai, a gaɓar kogi, da tsibiri a gabanta. Kasuwarta ran Laraba take ci. Mata ne ke ginin tukwane a garin, da hannu, kuma su suke zana adon da farar ƙasa da ja da baƙi. Wanda ya zo sari ya iso da wuri, don kaya masu kyau ba su kai azahar. Ba na ɗaukar randa sai na ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa na kasa kunne. Mai lafiya amo take yi tangaran, mai tsaga a ɓoye kuwa muryarta a dushe take, ko da ido bai ga komai ba. Sannan in duba gindi, in shafa baki, in leƙa ciki.

Ɗauko su ma aiki ne. Na fi son jirgin ruwa a kan mota, saboda ramin hanya ɗaya ya isa ya cinye ribar mako. Ana shimfiɗa ƙaiƙayi ko ciyawa a jirgi, a kifa manya, a cusa ƙanana a tsakani. Amma kogi ke da iko da lokaci. Daga Disamba zuwa Janairu ruwa a cike yake, jirgi na tafiya yadda ake so. Wajen Mayu da Yuni ya janye, yashi da duwatsu sun fito, sai dole a koma mota. Da damina kuma gini na raguwa, yumɓu ba ya bushewa, mata na gona. Saboda haka da rani nake cika ɗakin ajiya.

Kayan gungu sun fi wuyar samu yanzu. A da akan je kasuwar Ayoru ta ran Lahadi, a ga jirage na tsallakowa daga tsibirai da kaya, a zaɓa da ido. Rashin tsaro a yankin Tillaberi ya hana irin wannan zirga-zirga. Yanzu wani matuƙin jirgi da muka daɗe tare shi ne ƙafata. Ya ɗauki hoton faifai ya turo ta WhatsApp, in zaɓa, mu yi ciniki da mai shi ta saƙon murya, in aika kuɗi ta Nita. Hoto ba ya nuna ko saƙa ta matsu, to amana ce kawai ke riƙe da mu.

Shekarun baya baƙin Turawa da ma'aikatan ƙungiyoyin waje su ne masu sayen irin waɗannan kaya. Sun yi ta raguwa, bayan juyin mulkin Yulin 2023 kuma da yawa suka tashi. Maƙwabtana da dama sun rufe. Abin da ya tsayar da ni shi ne mutanen gida. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a shekarar, firij ya zama akwati, mutane suka tuna da randa. Wanda ya zo don ruwan sanyi, idonsa ya faɗa kan kaskon turare, ya saya wa uwargida. Iyayen amare suka fara neman faifai masu launi na jere. Masu gidajen abinci na sayen tuluna su jera a ƙofa. Na rage manyan kayan ado da ba a amfani da su, na ƙara abin da gida ke buƙata. Baje kolin SAFEM na sana'o'in mata ma yakan kawo mini sababbin fuskoki.

Inda na fi tsayawa shi ne biya. Ba na karɓar kaya a kan sai an sayar a biya. Matar da ta haƙo yumɓu, ta kwaɓa, ta gina, ta nemi makamashin gashi, ba ta da halin jiran wata biyu. Ina ba da kafin alƙalami in na yi oda, in cika ranar da na ɗauka, abin da ya fashe a hanya kuma nawa ne. Raina na ɓaci in na ga ɗan sari ya jira la'asar, lokacin da mace ta gaji ga jirgin gida zai tashi, ya taya kayanta rabin kuɗi. Ya san ba za ta koma da randa gida ba.

Kowane kaya ina liƙa masa ƴar takarda da sunan garin da aka yi shi. Mai saye yakan tambaya, daga nan hira ta ɓarke, kuma wanda ya ji yawan aikin da ke cikin faifai ɗaya ba ya cika matsa mini a farashi.

Wata mai otal ta taɓa neman tuluna da fentin kanti mai sheƙi. Na kai maganar wurin tsohuwar da na fi saye a hannunta. Ta ce, "Ɗana, in ka shafe tulu da fenti ka toshe masa numfashi, ruwa ba zai yi sanyi ba." Na ce, "Inna, ado kawai za a yi da su." Ta ce to a nemi wata, ita na shan ruwa take ginawa. Na koma na faɗa wa Hajiya yadda muka yi, na nuna mata zanen farar ƙasa na asali. Ta ɗauki kaɗan don gwaji, daga baya ta aiko a ƙaro mata, har da ƙananan kasake na saka turare a ɗakunan baƙi.