Yadda na sa jitata ta riƙe amo ba tare da na kausasa mata murya ba

Duk wanda ya taso yana jin goge ya san abin da ake nufi da amo mai jan numfashi, domin muddin mai goge yana goga izga a kan tsirkiya, sautin yana nan daram har sai ya ga dama ya tsaya. Jita kuwa, ko ta lantarki ce, dangin gurmi da garaya ce: ana taɓa tsirkiya sau ɗaya, ta yi ƙara, daga nan ta fara mutuwa. Na daɗe ina fama da wannan a ɗakina da ke Katsina, saboda irin kiɗan da nake so shi ne na Buzaye, wanda ake jin kowace tsirkiya a cikinsa tangaran, amma kuma akwai wuraren da nake so amo ɗaya ya tsaya a iska kafin in wuce zuwa na gaba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a cika wa amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, ƙarfi har sautin ya yi kaushi. Hakan yana tsawaita amo, kuma dalilinsa shi ne na'urar tana yanke kan duk igiyar sautin da ta wuce iyakarta, sai farkon bugu da ƙarshensa su fito kusan da ƙarfi ɗaya. Amma yankewar ce take haifar da ƙazar-ƙazar ɗin da ke cuɗe tsirkiyoyi wuri guda, ni kuwa abin da nake gudu ke nan. Wani dattijo makaɗi daga Maraɗi, wanda yakan shigo ta Jibiya idan ana biki, shi ya fara nuna mini ƙaramin akwatin da ake takawa da ƙafa mai suna kwamfuresa. Da na ce masa, "Baba, wannan ne ke ƙara wa tsirkiya tsawon rai?" sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ba ya ƙara mata komai, kunnenka yake yi wa dabara."

Na ɗauki lokaci kafin in gane gaskiyar maganarsa. Tsirkiya tana kaɗawa ne gwargwadon ƙarfin da yatsa ya ba ta, kuma kwamfuresa ba zai iya sa ta ci gaba da motsi ba. Aikin kwamfuresa shi ne ya sa ido a kan ƙarfin sautin da ke shigowa, idan ya haura wani mizani da aka ajiye sai ya danne shi, idan ya sauko kuma sai ya sassauta. A misali, da yake da desibel ake auna ƙarfin sauti, idan an saita shi a kan 4 zuwa 1, sautin da ya wuce mizanin da desibel 12 zai fito da ƙarin desibel 3 kacal, wato an rage masa 9. Daga nan sai a ɗaga sautin gaba ɗaya don a cike gurbin abin da aka rage. Sakamakon shi ne farkon bugun ya koma kusan inda yake, wutsiyar amon kuwa, wadda a da take ɓacewa cikin hayaniyar ganguna, ta tashi sama har kunne ya ci gaba da bin ta. Siffar igiyar sautin ba a yanke ta ba, shi ya sa muryar jitar take zama garau.

Akwatin da na samu na hannu ne, ƙirar Boss CS-3, wanda ya fara fitowa a 1986, kuma yana da maɓallan murɗawa guda 4 da aka rubuta musu Level, Tone, Attack da Sustain. Na dattijon nan MXR Dyna Comp ne, jan akwati da ake yi tun shekarun 1970, mai maɓalli 2 kawai, kuma yana matse sauti sosai har kowane bugu ya fito kamar an cire toshiyar kwalba. Wasu suna son wannan matsi, ni dai ban cika so ba.

Kuskurena na farko a gaban jama'a na yi shi. An gayyace mu wani biki a wajen Ƙofar Ƙaura, wuta ta janareto ce, ni kuma don zumuɗi na murɗe maɓallin Sustain, mai tsawaita amo, har ƙarshe. Ina cikin kiɗa komai lafiya lau, amma da zarar na ɗaga hannu don mawaƙi ya yi kirari, sai wani gurnani ya taso daga lasifika a hankali yana kumbura, kamar an tsokano gidan zuma, har mai kalangu ya waiwayo yana harara ta. Abin da ya faru a fili yake: kwamfuresa bai san bambancin wutsiyar amo da datti ba, duk abin da ya yi ƙasa ɗaga shi yake yi. Jitata irin Stratocaster ce, mai maganaɗisun ɗaukar sauti masu naɗi ɗaya, kuma irinsu sun shahara da kwaso gurnanin wutar lantarki, wadda a ƙasarmu take juyawa sau 50 a daƙiƙa. Ranar na tsira ne da na mayar da makunnin jitar matsayi na 4, inda maganaɗisu biyu suke aiki tare suna soke gurnanin juna, sannan na rage Sustain zuwa rabi. Tun daga nan nake sa wa akwatin batir mai bolt 9 idan za a yi wasa da janareto.

Maɓallin da na fi raina shi da farko, wato Attack, shi ne ya zama mafi muhimmanci a gare ni. Idan kwamfuresa ya cafke sauti nan take, yana haɗiye kaifin bugun farce, sai jita ta koma kamar kibod, kuma kiɗan Buzaye ba ya rayuwa sai da wannan kaifi, domin shi ne yake riƙe da taku. Idan aka ƙara maɓallin, kan bugun yana kuɓucewa kafin matsin ya sauka, sai a samu abu biyu a lokaci guda, kaifi a farko da dogon numfashi a baya. Wasu sababbin akwatuna suna da maɓallin gauraya sautin asali da wanda aka matse, kuma manufarsu ɗaya ce da wannan.

Akwai abin da akwati ba zai gyara ba. A lokacin hunturu ƙura tana shiga tsakanin naɗin tsirkiyoyi masu kauri ta haɗu da gumin hannu, sai su dushe su riƙa mutuwa da wuri, bushewar iska kuma tana taɓa katakon wuyan jita har wata tsirkiya ta fara gogar ƙarafan da ke kansa. Haka nan idan maganaɗisu ya matso kusa da tsirkiya fiye da kima, yana jan ta yana rage mata kaɗawa. Da na sauke nawa kaɗan da sukudireba, na kuma canza tsirkiyoyin da suka shekara a jiki, na samu ƙarin amo tun kafin in taka komai.

Yanzu jita tana shiga kwamfuresa kai tsaye, daga shi sai amfilifaya da na buɗe daidai inda take fara nuna alamar kaushi idan na buga da ƙarfi. Sustain yana tsakiya, Attack ya ɗan wuce tsakiya, Level kuma ina daidaita shi ta yadda ko na taka ko na kashe ƙarar ba ta canzawa. Idan ina so amo ya ƙara jimawa, sai in juya in fuskanci lasifika domin iskar da take turowa ta taimaka wa tsirkiya, in kuma ɗan girgiza yatsa a kanta kamar yadda mai goge yake yi.